GIDA DA SANA'A: 'Yan Jagoran Zarto da Inda Ya Kamata a Ajiye Su

A wannan fitowa za mu leƙa rumfar kafinta, musamman irin wadda ke cikin gida, tsakanin madafa da turken awaki, inda yara ke kai da kawowa tun safe har magariba. Abin da ya kai mu can kuwa wasu 'yan katakai ne waɗanda in baƙo ya gan su zai ɗauka tarkace ne, alhali su ne ke tsaye tsakanin yatsun maigida da haƙoran zarto.

Bari mu fara da abin da ya faru a danginmu, domin gani ya kori ji. Muna da kawu a nan yankin Binduri wanda ya fi shekara ashirin yana aikin kafinta. Wata damina ya karɓi aikin bencina na wata makarantar Islamiyya, ya kuma yi alkawarin kai su kafin ranar Asabar. Da ya zo tsaga wasu siraran filankai a injin zarto, sai ya laluba ƙarƙashin tebur inda ya saba jefa sandar da yake tura katako da ita, bai same ta ba. Ashe ruwan daren jiya ya jiƙe itacen girki, aka aiki wata 'yar ƙaramar yarinya ta kwaso busassun guntaye daga rumfa, ta haɗa har da sandar, aka hura wutar koko da ita. Yin wata sabuwa ba zai ɗauki minti goma ba, amma hadari ya haɗo, kuma yana tsoron a ɗauke wuta. Sai ya tura da hannu. A filanki na huɗu katakon ya ƙwace, yatsu biyu na hannun dama suka tafi.

Da muka je gaishe shi bayan an sallamo shi daga asibiti a Bawku, mun tarar da ɗaki cike da 'yan dubiya, kowa na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da aka watse muka ce masa, "Kawu, sannu. Ya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, ɗana. Amma ka je ka gaya wa gwaggonka kada wanda ya taɓa yarinyar nan. Ni na ajiye abin a cikin shara, ita kuwa shara aka aike ta ta kwaso." Wannan magana ta kawu ita ce tushen rubutunmu na yau.

Sanin kowa ne cewa iyayenmu sun san masassaƙi da gizagonsa, mai sassaƙa turmi da allon karatu da ƙotar fartanya, sun kuma san kafinta mai zarton hannu. Injin zarto mai tebur baƙo ne a ƙauyukanmu, lantarki ne ya kawo shi. Tun da aka fara shirin kai wuta ko'ina cikin ƙasar Gana a 1989, turakun lantarki suka yi ta matsowa arewa sannu a hankali. Da aka yanke gundumar Binduri daga Bawku a 2012, buƙatar ƙofofi da tagogi da teburan makaranta ta ƙaru. Har ila yau, tun ƙarshen 2021 da rikicin sarauta ya sake tashi a Bawku aka yi ta sanya dokar hana fita, mun ga masu sana'a da dama sun kwaso kayan aikinsu daga bakin hanya sun dawo da su cikin gida. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sakamakon haka shi ne, injin da aka ƙera domin masana'anta yanzu yana kwana a tsakar gida tare da iyali.

Ya kamata uwargida da yara su san irin abin da ke kwana da su. Faifan zarton da aka fi amfani da shi faɗinsa milimita 250 ne, kuma yakan juya sau 3,000 zuwa 4,000 a cikin minti ɗaya. Ke nan bakinsa na gudun da ya wuce kilomita 140 a sa'a. Idan faifan na da haƙora 40, to a kowace daƙiƙa aƙalla haƙora 2,000 ne ke wucewa ta wuri guda. Babu hannun da ya isa ya janye kafin a gama ɓarna. A Amurka, hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 30,000 ne faifan irin wannan zarto ke yanka a kowace shekara har su nemi magani, kuma kimanin 4,000 daga cikinsu sukan rasa yatsa ko wani sashen hannu. A can ne wani mutum mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro wata dabara a 1999, wadda ke gane taɓawar fatar mutum ta tsayar da faifan nan take, aka fara sayar da injinan da sunan SawStop a 2004. Kuɗinsu ya fi ƙarfin kafintan ƙauye, kuma ba mu taɓa cin karo da ko ɗaya ba a wannan yanki. Abin da muke da shi, wanda ba ya cin ko sidi ɗaya, shi ne 'yan jagora.

Mun kira su 'yan jagora ne domin zarto makaho ne, bai san katako ba, bai san ƙashi ba, sai an ja masa gora. Kafinta ne ke ƙera su da kansa daga ragowar katako. Akwai sandar turi, mai ɗan ƙugiya a ƙarshe, wadda ke tura filanki hannu na nesa da faifai. Akwai allon zamiya, wanda ke da siraran ƙafafu biyu da ke bin kwarmin da ke kan teburin inji, ana ɗora katako a kansa a yanke shi a gicciye, kusurwa ta fita daidai. Akwai mai haƙora kamar mataji, wanda ke danne filanki a jikin shingen awo don kada ya karkace zarto ya harbo shi baya kamar harbin jaki. Akwai wanda ke fitar da ƙafar tebur mai kauri a sama da siranta a ƙasa. Akwai kuma samfurori, wato gwajin ƙafar kujera ko kan gado ko gefen benci, waɗanda ake ɗorawa a zana, guda ɗari su fito kamar tagwaye. Wasu daga cikinsu yatsu suke karewa, wasu kuma awo suke riƙewa. Duk wanda aka rasa a cikinsu, ko dai jini ya zuba ko katako mai tsada ya lalace.

Katako kuwa a nan ba abin wasa ba ne. Wawa da odum da sauran filankan da muke aiki da su daga dazuzzukan kudu suke zuwa, daga kasuwanni irin su Sokoban a Kumasi da kasuwar katako ta Techiman, su biyo ta Tamale da Bolgatanga, tafiyar da ta wuce kilomita 600 daga Kumasi kafin su iso Bawku. Kowane filanki da aka yanka a karkace, an yi asarar kuɗinsa da kuɗin motarsa. 'Yan'uwanmu na Yendi da Salaga sun ɗan fi mu kusa da kudu, amma su ma sun san wannan zafi.

To, mene ne ke lalata 'yan jagora a gidajenmu? Mun lura da abokan gaba guda huɗu.

Na farko yanayi. Katako yana shan laima daga iska yana kuma fitar da ita, ko da ya shekara goma da yankewa. Da damina, daga watan Mayu zuwa Oktoba, yakan kumbura. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, yakan tsuke. Wannan motsi a faɗin katako yake, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Allon da faɗinsa ya kai santimita 30 zai iya raguwa da rabin santimita tsakanin tsakiyar damina da tsakiyar hunturu. Shi ya sa ƙofar da ta ƙi rufuwa a watan Agusta take girgiza a watan Janairu. Haka ƙafafun allon zamiya suke yi: da damina su cije a cikin kwarmi har sai an danna da ƙarfi, da hunturu su yi sako-sako yanka ya karkace. Kuma turawa da ƙarfi kusa da faifai ita ce hanya mafi kusa zuwa asibiti. Filawud ya fi katako zalla tsayawa a kan awonsa, saboda an manna fallayensa ne a gicciye da juna, shi ya sa ya fi dacewa da wannan aiki. Amma shi ma in ruwa ya kwanta masa, fallayen sukan ɗaye.

Na biyu gara. Gara ba ta son haske, ta ƙasa take bi ko ta cikin bangon laka, ta gina hanyarta a ɓoye. Samfurin da aka jingina da bango aka manta da shi wata biyu, za a iya ɗaukarsa a tarar saura ɓawo. Wawa, saboda laushinsa, shi ne abincinta na farko. Odum da kirya sun fi jure mata.

Na uku ruwa. Yayyon kwano ɗaya ya isa. Mazauna bakin kogin Farin Bolta kuwa ba su manta ambaliyar 2007 ba, kuma sun san abin da kan biyo baya idan aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso a ƙarshen damina. Duk abin da ke ƙasa shi ruwa ke fara ɗauka.

Na huɗu mu kanmu, mutanen gida. Mai girki na neman busasshen ice, yaro na neman abin yin motar wasa, maƙwabci na neman abin tokare ƙyaure. Babu mai mugun nufi a cikinsu. Abin da ba shi da alama kuma ba shi da mazauni, na kowa ne.

Ga shawarwarin da muka tattaro daga bakin masu sana'ar, da waɗanda kawu ya aiwatar bayan ya warke.

Da farko, a raba 'yan jagora gida biyu. Masu kare hannu, wato sandar turi da mataji, mazauninsu jikin inji ne, a ƙusa ko ƙugiya, inda hannu zai kai ba tare da an sunkuya ko an miƙa ta saman faifai ba. Kuma kada sandar turi ta zama guda ɗaya. A ƙera uku a rana ɗaya, biyu a jikin inji, ɗaya a ajiye. Mutum mai gaggawa ba ya zuwa neman abu a ɗaki, abin da ke gabansa shi yake ɗauka.

Na biyu, sauran a rataye su. A huda kowanne a ba shi ƙusarsa. Kada a jingina allon zamiya a karkace da bango, domin nauyinsa da laima za su lanƙwasa shi kamar baka, kuma in ya lanƙwashe ya gama amfani. Ko dai ya rataya a tsaye, ko ya kwanta a kan kanta mai shimfiɗa daidai ba tare da an jibga masa kaya ba. A nesanta su daga ƙasa da aƙalla rabin mita, fiye da haka ga waɗanda ke kusa da kogi. A kuma nesanta su daga kwanon rufi, domin zafin bazara na gasa fuskar da ke kallon sama, abin ya murɗe.

Na uku, da yake bangon laka ba ya riƙe ƙusa kuma hanyar gara ce, a kafa turaku biyu na bututun ƙarfe ko na kirya a cikin siminti, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango, sannan a kafa allon ratayar a jikinsu. Wannan tazara na barin iska ta wuce, tana kuma barin ido ya ga ginin gara tun yana sabo. Akwai wata dabara da kafintocin Ingila da Amurka ke jingina wa Faransawa, wadda inji ɗaya ya isa a yi ta: a tsaga filanki a tsawonsa da faifai a karkace daidai digiri 45, a kafa rabi ɗaya a jikin turaku da bakinsa yana kallon sama, a manna ɗaya rabin a bayan abin da za a rataya da bakinsa yana kallon ƙasa. Su biyun sai su sarƙe da juna, nauyin kayan ne ma ke ƙara danne su. Ana iya ɗagawa a sauya wuri ba tare da an zare ƙusa ba.

Na huɗu, a yi musu alama. A sami ragowar jan fenti a shafa wa kowane ɗan jagora a gefe, sannan a tara iyali a gaya musu: duk katakon da ke da ja, ba na wuta ba ne, ba na wasa ba ne, ba na aro ba ne sai da izinin maigida. Yaron da bai iya karatu ba ya san ja. A kuma zana siffar kowanne a jikin allon ratayar, ta yadda da an ɗaga ido za a ga gurbin wanda ya ɓata tun kafin a kunna inji.

Na biyar, a rubuta a jikin kowanne aikin da yake yi, da awonsa, da watan da aka ƙera shi, da boko ko da ajami, duk wanda ya sawwaƙa. Amfanin watan shi ne a san ko ɗan damina ne ko ɗan hunturu. Amfanin sauran kuwa ya wuce yau. Mun san gidan da kafinta ya rasu, magada suka raba inji da guduma da teburi, suka share samfurori suka zubar domin ba wanda ya san na mene ne. Almajirinsa da ya gaji rumfar sai da ya yi shekara biyu yana sake lalubo awon da maigidansa ya riga ya gama da shi. Samfuri ilmi ne da aka rubuta da katako, kuma ya cancanci a adana shi kamar yadda ake adana takardun gida.

Na shida, a duba su sau biyu a shekara, farkon damina da farkon hunturu. Gwajin allon zamiya mai sauƙi ne: a yanke filanki mai miƙaƙƙen gefe gida biyu, a kifa rabi ɗaya, a haɗa bakunan a kan tebur. In an ga kafa a tsakaninsu, kusurwa ta goce, sai a gyara. A goga kyandir ko kakin zuma a ƙafafunsa don ya riƙa zamewa. Baƙin mai da ake shafa wa katakon rufi saboda gara kada ya taɓa su, zai ɓata kayan mutane, ya kuma sa hannu santsi. Wanda ya tsage ko zarto ya cinye, maigida ya karya shi da kansa don kada almajiri ya ɗauka.

Na bakwai, kuma wannan haƙƙin uwargida ne: a ajiye kwando a bakin rumfa, kafinta ya riƙa zuba guntayen da ya gama da su a ciki kowace yamma. Madafa ta ɗebi nata daga kwando, babu mai buƙatar shiga ƙarƙashin inji. Amma guntun filawud da katako mai fenti ko wanda aka yi wa maganin gara kada su shiga wannan kwando, domin hayaƙin gam da magunguna na cutar da mai girki da wanda ke goye a bayanta.

Akwai abu ɗaya da ya rage, ko da yake bai shafi rataya ba. Duk wanda ya rayu a shekarun 2014 da 2015, lokacin da ɗauke wutar da ake kira dumsor ya yi tsanani, ya san yadda wuta ke tafiya ta dawo babu sallama. Injinan da aka haɗa a gida yawancinsu makunni mai sauƙi gare su, in an ɗauke wuta suna kunne, da ta dawo za su tashi da kansu. Saboda haka da zarar wuta ta tafi a kashe makunni, a zare waya daga bango. In an tashi aiki a sauke faifai ƙasa da tebur in injin na da wannan dama, in babu a kifa masa akwati, a share garin katako saboda tartsatsin madafa, a rufe rumfa da kwaɗo. In babu ƙyaure, ko makunnin kaɗai a yi wa akwati mai kwaɗo.

Iyayen da ke kai 'ya'yansu koyon wannan sana'a, muna ba ku shawara ku ɗaga ido ku dubi bangon rumfar kafin ku miƙa yaro. In kun ga kaya a rataye, kowanne da gurbinsa, da sandar turi a jikin inji, to ku saki jiki. In kun ga komai a zube, maigida na tura katako da yatsa yana hira, ku yi tunani. Yaro abin da ya gani yake ɗauka, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kawu ya koma aiki. Riƙon fensir ya zame masa wahala, ya koyi zana layi da hagu. Ranar da muka koma wurinsa mun tarar da turaku biyu a kafe, da jajayen katakai goma sha ɗaya a rataye. Yarinyar nan kuwa ita ya ɗora wa aikin ƙirga su kowace yamma kafin a rufe rumfa, in ɗaya ya ɓata ta zo ta gaya masa. Ya ce mana duka aikin bai ci masa yini guda ba, kuma bai sayi komai ba sai ƙusa da rabin buhun siminti. Muka ce, "Kawu, da ma an yi tun da." Ya ce, "Da ma ba ta gyara komai, ɗana. Ka rubuta dai, ko wani ya ji."

To, mun rubuta. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Masu wannan sana'a a Yendi da Salaga da Bawku da sauran zangogi, in kuna da wata dabarar ajiya da ta fi waɗannan, ku aiko mana ta hannun wakilan ƙungiya, za mu buga domin amfanin kowa. A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda ake adana albasa bayan girbin rani. Allah Ya tsare mana hannayen da muke nema da su, Ya sanya albarka a sana'o'inmu.